Noti Ɗaya Ne Kawai Babu

Mai walda bai taɓa mayar da aiki ba. A zauren gidansa yake sana'a da guduma da zarto da tsohon injin walda, abin da ya rasa kuwa cikin gida yake shiga ya kwanto. Murfin tukunyar matarsa ya zama facin salansar maƙwabci, notin fankarta yana jikin injin markaɗen unguwa.

Ranar da fankar ta fara rawa, matar ta dire masa ita a zaure.

"Maigida, yau ni ma na kawo gyara."

"Noti ɗaya ne kawai babu," in ji shi. Ya ɗauki sifana ya nufi ɗakin keken ɗinkinta.

"Huta," ta ce. "Keken yana gidan yayata. Ga babur ɗinka nan, duk jikinsa noti ne."