Injiniya Haladu da Tsohuwar Hanyar Bentong

Ku da kuka zauna da Injiniya Haladu a unguwar Setapak, lokacin da muke karatu a ƙasar waje, kun san ba ya shiga mota sai ya ce, "Bismillah. Kada ka hau sabuwar hanya." Ni ne mai mota a cikinmu, saboda haka ni na fi kowa shan wannan magana. Ya girme ni da shekara goma sha biyar, ma'aikacin hanyoyi ne daga gida, gwamnati ta turo shi digirin dakta, ta kuma yanka masa wa'adi. Wa'adin yana tafiya, shi kuwa yana can yana soyayya da wani tsohon titi.

Titin shi ne wanda ya tashi daga Gombak, ya bi ta ƙauyen mutanen daji, ya yi ta nannaɗe dutse har Genting Sempah, sannan ya gangara Bentong. Da can duk mai zuwa Pahang ta nan zai bi. Da aka fasa dutsen aka yi sabuwa mai faɗi, sai aka bar wa birai da 'yan keke tsohuwar.

Kun tuna walimar da aka gayyace mu a Bentong? Kowa ya bi sabuwa, kafin awa guda sun isa. Mu kuwa kowane dutsen mil sai an tsaya, ya fito da hankici ya goge gansakuka, ya karanta lambar da ƙarfi. Muka iso ana wanke tukwane. Na ce, "Yaya, ka ga abin da ka ja mana?"

Ya ce, "Mu mun zo daidai, Nura. Su ne suka yi gaggawa."

Wallahi ranar biskit na ci!

Taswirarsa kuma a cikin hula take kwana, tsohuwa ce, ta girme ni. Wata rana ya cire hular yana alwala a bakin hanya, biri ya sure ta ya haye bishiya, ya warware takardar yana jujjuyawa. Ina ta ihu ina neman dutse. Yaya Haladu ya riƙe hannuna. "Ƙyale shi. Farfesana wata uku yana riƙe da ita, bai buɗe ba."

Sai tsohuwar nan mai ayaba a wata kwana, wadda muke kira Makcik, wato inna. Malayancinsa bai wuce "boleh" da "makan" ba, wato "zai yiwu" da "ci", ita kuma ba Turanci. Amma sai su yi rabin awa, yana Hausa tana nata, suna ta dariya. Ya sayi ayabar da mutum goma ba za su cinye ba. Ranar da na gaji na ce, "Haba Yaya, mu birai ne?" bai yi dariya ba. Sai da muka hau mota ya yi magana.

"Garinmu ma a bakin babbar hanya yake da. Innata ɗanwake take sayar wa direbobi. Aka yi sabon titi, ya wuce mu da mil uku kacal. Ranar da aka buɗe shi ta dafa tukunya kamar kullum, ta zauna har la'asar. Mu muka cinye."

Ban sake yi masa ƙorafin ayaba ba.

To, ashe duk wannan ya zuba shi a babi na biyar na kundinsa: mutanen da sabuwar hanya ke zagayewa. Farfesan ya ce wannan ba aikin injiniya ba ne, ya cire babin a sa masa hannu. Saura wata biyu wa'adinsa ya cika. Muka taru a shagon mamak, wato mai shayi, muna lallashi. Ni na fi kowa zafi. Na ce, "Yaya, don Allah! Matarka da 'ya'ya huɗu suna jiran dakta. Cire, ka karɓi takardarka, in ka koma gida ka rubuta littafi guda a kan Makcik!"

Ya juya shayinsa ya juya, sannan ya ce, "An zagaye uwata sau ɗaya, ina yaro, ba yadda zan yi. Na biyun ba da hannuna ba."

Haka ya koma Najeriya babu dakta. A filin jirgi na ce masa taurin kansa ya cuce shi, kuma da gaske nake, raina a ɓace. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Wataƙila." Wannan ce maganarmu ta ƙarshe. Bayan shekara biyu aka bugo mana waya ya rasu, ciwon kwana uku.

Ni na samu tawa takardar. Babi biyu aka ce in cire, ko gardama ban yi ba, kuma har yau ban ce na yi kuskure ba. Amma duk sanda aka kira ni Dakta a gaban waɗanda suka san shi, kunya nake ji.

Allah Ya jiƙan Yaya Haladu, Ya yafe mini abin da na faɗa masa. Ya haɗa shi da innarsa a Aljanna, Ya raya abin da ya bari.