Iƙamar aro da hanyar Abha

Shekarar da kafilin Baba, wato Balaraben da ya tsaya masa yake wa aiki, ya tafi hutu waje da iyalinsa, ya bar masa tsohuwar motar gidan, mai dogon bayan nan, har ya rubuta masa takardar izinin fita da ita wajen gari. Baba direbansu ne a unguwar Abhur, ya daɗe yana kai yaransu makaranta, amma mu nasa 'ya'yan ba mu taɓa shiga motar ba. Ranar da ya shigo da ita unguwarmu Karantina sai da ya naɗe madubai biyu kafin ta wuce lungunmu.

Ya ce Abha za mu, wani gari can a kan duwatsu. Ya taɓa kai maigidan nasa sau biyu, kuma tun lokacin ba mu huta da labarin ba. Shi ba duwatsun ne suka dame shi ba, filin da ake bi kafin a kai su ne, Tihama. Wai in ka wuce Gunfuda za ka ga gonakin dawa iya ganinka, da bukkokin ciyawa, da awaki, da mata masu malafa. "Kamar garinku," haka yake ce wa Inna. Inna kuwa tun da ta zo hajji da cikina ta zauna, ba ta sake ganin gona ba. Shekara sha bakwai kenan. Iyakarta kasuwa, gidan suna, gidan rasuwa, ta dawo. Mu yara kafili ya yi ƙoƙari an saka mu a iƙamar Baba, wato takardarsa ta izinin zama ƙasar, tata ce ta ƙi, kullum sai a ce baɗi.

Ni aka ba shirin tafiya, don ni ke karanta Larabci a gidan, ko da yake makaranta tuni muka rabu da ita ba tare da an yi faɗa ba. Na samo taswira a gidan mai, na shimfiɗa ta a tsakar ɗaki, ƙannena mata biyu suna danne gefe da gwiwa. Baba yana faɗa ina rubutawa. Jarkar ruwa huɗu, biyu namu biyu na mota. Bel na fanka. Buta, tabarma, barguna, don wai can sama ana sanyi a tsakiyar zafi, abin da na ce sai na gani. Ba a hawan dutse bayan la'asar saboda hazo. A dawowa za mu bi ta sama, Baha, Ɗa'if, sannan gida. Sai wuraren taftish, inda askari ke tsayar da mota ya duba takardu. Baba ya ƙirga uku da ya sani, na zana musu jan biro.

Maganin jan biron nan yana ƙasan benenmu. Hajiyar ƙasa, mijinta ya rasu, tana shara a wata makarantar 'yan mata, tana da iƙamarta ita kaɗai, kuma makaranta na hutu. A unguwarmu wannan aron ba sabon abu ba ne, sai dai ba a faɗa, ko a gida a hankali ake yi. Mace in tana cikin niƙabi askari ba ya cewa ta buɗe fuska, tambaya biyu uku zai yi ya miƙo littafin iƙamar. Hajiya ta hawo da kanta ta ba Inna, a naɗe cikin leda, ta ce mako guda.

Saura Inna ta haddace abin da ke ciki, suna, sunan uba, sunan kafili, wurin aiki. Ni ne malamin. Sai in kifa kwanon sha a ka, in rataya muciya kamar bindigar askari, in ƙwanƙwasa ƙofar ɗaki kamar gilashin mota.

"Ya hajja, ish ismik? Sunanki?"

Sai ta faɗi nata na gaskiya.

"Halas, shi kenan! Sauko, an kama ki. Jirgi na jira, ki gaida mutanen gida."

"Ɗan banza," ta ce, ta wurgo min silifa. "Sake tambaya. Kai ne kake zare min ido."

"Wannan direban mene ne naki?"

"Yayana ne."

Baba daga kan tabarma ya ce, "To, madalla. Yau kuma na zama yaya."

Inna ta rufe fuska da mayafi tana dariya har da tari. Kwana huɗu muka yi a haka. A na huɗun ta iya tsaf, tana wanke-wanke ina jin ta tana maimaita sunan kafilin wata mata a hankali kamar mai tilawa.

Ranar Juma'a bayan la'asar na je shagon aski na bakin titi, inda muke zama ko ba aski. Wani ya ce, "Kai ɗan Abha, yaushe ne tafiyar? Ko motar ta kafili ta ƙi tashi?" Ni kuma abu mai daɗi ba ya zama a cikina. Na ɗauki kwanon mai aski na kifa a ka. Na yi askari, na yi Inna, na yi muryarta tana rawa, na yi "yayana ne", na yi Baba. Shago ya kaure, mai aski ya ajiye reza yana riƙe ciki. Da na ga dariya ta karɓu sai na ƙara, na faɗi sunan da ke cikin littafin, cikakke, har da na uba da na makarantar.

Akwai mutum biyu a benci da ban san su ba. Wanda ke kan kujerar aski kuwa, ya ba ni baya, tawul a wuya, babban ɗan Hajiyar ƙasa ne. A madubi muka haɗa ido. Ya bari aka gama masa, ya fita.

Washegari da hantsi Hajiya ta hawo. Ina ɗaki, labule ne kawai tsakaninmu. Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga da ya fi min sauƙi.

"Ƙanwata, ki yi haƙuri. Magana ta fita titi. In wani ya kai ta inda bai kamata ba, ni da ke duk jirgi ɗaya za a sa mu, ga marayu."

"Yaya, ai ke kin yi naki," in ji Inna. "Allah ya saka."

Na ji ƙarar ledar nan, Inna ta mayar mata da abinta. Ba ta tambayi wa ya fitar da maganar ba. Ba wanda ya tambaya, gidan gaba ɗaya an san bakin waye.

Da Baba ya dawo ya ji, ya daɗe tsaye da makulli a hannu. Na jira mari, har na matso kusa don ya same ni. Bai yi ba. Ya ce, "Shi kenan, an fasa."

"Ba a fasa ba," Inna ta ce. "Yaran nan sun gaya wa kowa. Motar kuma ba kullum za a ba ka ba."

Na ce, "To ni zan zauna da Inna."

Baba ya dube ni daga sama har ƙasa. "Ka zauna ka yi mata me? Wasa? In ka zauna wa zai karanta min allon hanya?"

Ana gobe tafiya Inna ta gama soya nama da cincin, ta cika kwalla biyu, sannan ta kira ni ta ce in zo da takardar nan tawa. Ta ce in gaya mata inda za mu kasance a kowace salla, don ta riƙa sani.

"Azahar fa?"

"Gunfuda, Inna."

"La'asar?"

"Gindin dutse. Nan za mu kwana, sai da safe mu hau."

"Ɗaga murya mana. Yau kuma ina bakin ya tafi?"

Na sake faɗa. Ta sa na maimaita sau uku har ta riƙe. Na ce, "Inna, ki yafe min," ta yi kamar tana neman murfin kwalla.

"In kun kai gonakin ka ce ya tsaya," ta ce. "Kada ka duba ta taga. Ka sauka ka shiga ciki, ka duba min ko dawar ta fitar da kai, ja ce ko fara."

Na ce to.

Da safe ƙannena suka shige baya da barguna. Ni na buɗe ƙofar baya zan bi su, Baba ya ce, "Yalla, maza wuce gaba." Nan ne da Inna za ta zauna, tun ranar farko haka aka tsara. Na shiga na zauna. Ba ta sauko lungu ba, ta tsaya a tagar bene, ni kuma ban iya ɗaga kai ba har muka fita titi.