Kan Jirgin Ishaya Loko

Ishaya mutumin Kafancan ne, ɗan leburan reluwe, kuma tun da uwata ta haife ni ban ga wanda jirgin ƙasa ya haukata kamarsa ba. Tare muka yi aiki a wani kamfanin gwangwani a Bompai, gida ɗaya kuma muka yi haya a Dakata, ƙofata na kallon tasa. Saboda haka ba labarin ƙanzon kurege zan ba ku ba, a idona aka yi komai.

Sau biyu ya nemi aikin direban jirgi aka ce ya ƙara gaba. Wani da sai ya haƙura. Ishaya kuwa ya ce tunda an hana shi tuƙawa, to zai ƙera nasa. Ba fa irin motar langalanga ta yara ba. Kan jirgi ne mai shan dizal, tsawon kamu guda, kore da ratsin rawaya, da fitila da matakala da tagar direba, har da ƙahon da ke busa. Ran Lahadi in an tashi daga coci sai ya zarce tashar jirgi da tef ɗinsa na awo, yana zagaya injin mutane yana gwadawa, ƙafa guda ta koma rabin inci. 'Yan sandan reluwe sun kore shi har sun gaji. A can ya samo sunan Loko, wato kan jirgi a bakin ma'aikatan reluwe.

Kada ka kuskura ka yabi tsohon jirgi mai kwal a gabansa. Sai ya yatsine fuska ya ce, "Wannan tsohuwar mai tari? Gwadabe, kai fa ba ka san inji ba." Ni da nake kan inji tun kafin ya zo Kano!

Matarsa Lidiya ita ta ga ta kanta. Kabad ɗin da ta jera kwanukanta da tangaran, ya kwashe su ya tura ƙarƙashin gado, ya jera jiragensa. 'Ya'yansa ba mai ikon taɓawa, sai dai kallo, hannu a baya. Baƙo in ya zo gaisuwa, kafin a ba shi ruwa sai ya sha bayanin yadda dizal ke juya janareta, janareta ta juya taya. Fastonsu ma ya daina shigowa, daga bakin ƙofa yake sa albarka ya wuce. Kuma duk jiragen nan ba wanda ya taɓa motsawa ko da taƙi ɗaya.

To, ƙarfen fa daga ina? Nan gizo ke saƙar. A kamfaninmu ana yanka falle-fallen ƙarfe masu tambari a yi gwangwanin mai da na alewa, kuma dokar gida ita ce ko guntun da ya faɗi ƙasa ba ya fita get. Malam Sule maigadi yana laluben kowa, aljihu da jaka har hula. Sai Ishaya ya baza magana cewa abincin da Lidiya ke zuba masa da naman alade a ciki. Wallahi ƙarya yake, tuwon dawa ne da miyar karkashi, na sha ci. Amma daga ranar Malam Sule ko kallon kwanon nan bai ƙara yi ba, da sanda yake nuna masa hanya. Haka rabin tashar jirgi ta fice daga Bompai a cikin kwanon tuwo.

Ana nan sai zamanin tsuke bakin aljihu ya zo, wajen 1983. Kaya suka daina shigowa daga waje. A kamfanonin Sharaɗa aka fara sallamar mutane, na Calawa suka ɗauka, mu ma aka ce mu shirya. Kowa ya kama abin da ya sani, masu zuwa wajen malamai na yi, masu azumi a coci na yi. Ishaya mai 'ya'ya biyar, ba gona ba shago, ya rame a tsaye. Na tausaya masa ƙwarai, don tsoronsa na gaskiya ne.

Sai ya zo mini da dabara. Zai kai wa Manaja kyautar jirginsa mafi kyau, sabon da bai daɗe da gamawa ba, don in an zo rage mutane a tuna da fuskarsa.

Na ce, "Ishaya, ka kai masa zakara mana, kamar kowa."

Ya ce, "Zakara a ci a manta. Wannan kuwa kullum yana gabansa."

Na ce, "Da ƙarfen wa ka yi shi?"

Ya ce, "Na shafe shi da fenti, ko uwar ƙarfen ba za ta gane shi ba."

Ni ya roƙa na kama masa katakon da ya ɗora jirgin, muka shiga ofis da hantsi kamar masu kai gara. Manaja yana fama da tarho, ya ɗago ya duba, ya ce kai, abu ya yi kyau, a ajiye can, ya gode. Ya ma tambayi sunan Ishaya ya maimaita shi. Buƙata ta biya! Na ja hannun rigarsa mu fita.

Ina! Ishaya ya tsaya ƙyam. A ce an karɓi aikinsa da "ya yi kyau" kawai, ba a ga ciki ba? Ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ba ku ga komai ba tukuna." Ya sa farce ya ɗage rufin jirgin, don a ga injin da ya ƙera a ciki, da bututu da fanka. Manaja ya ajiye tarho ya leƙa. Ya daɗe yana leƙe, Ishaya na ta zuba bayani yana washe baki.

Cikin kuwa bai ga fenti ba. Ga tambarin kamfani nan ɓaro-ɓaro a bangon jirgin, kuma na sabon gwangwanin man da ko kasuwa bai shiga ba, balle ya ce a bola ya tsinta.

Manaja ya ce, "Irin wannan nawa gare ka a gida?"

Na taka masa ƙafa. Amma ina, an taɓo inda yake masa ƙaiƙayi. Ya ce, "Kabad guda, ranka ya daɗe, har da taragai."

Kafin azahar an sallame shi, ba garatuti ba komai, wai ma an yi masa sassauci da ba a kira 'yan sanda ba. Motar kamfani ta je Dakata ta kwashe jiragen da ke kabad ɗin kaf. Lidiya ta yi kuka, ta yi masa tas a tsakar gida, sannan ta jawo kwanukanta ta mayar da su mazauninsu. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne maganar da Lawal foman ya gaya mini daga baya, cewa ba wanda ya yi niyyar taɓa Ishaya, don shi kaɗai ke iya lallaɓa injin like gwangwani in ya yi gardama. Garin neman ƙiba ya samo rama, da hannunsa da bakinsa.

Ya koma kasuwar Sabon Gari yana tinka, yana ƙera mazurari da aci-balbal da gwangwanin madara. Wata rana na biya ta rumfarsa. Bai tambaye ni aiki ba, bai tambayi mutane ba. Cewa ya yi, "Gwadabe, jirgin nan, suna goge shi kuwa? Ka gaya musu kada su ajiye shi kusa da taga, rana na cin koren fenti."

Haushi ya kama ni, na faɗa masa gaskiya. Na ce a ƙasa yake, da shi Manaja ke tokare ƙofar ofis don kada iska ta bugo ta.

Ya ajiye guduma, har na fara nadamar bakina. Can sai ya gyaɗa kai.

"Zai riƙe ta kuwa," in ji shi. "Ƙarfe mai kyau na sa masa."