Ɗakin Hucewa

Yayata ko kyankyaso ta gani sai ta hau kujera, amma aikinta gadi ne. Gari guda take gadi, kuma daga kan kujerar roba take yi, a gefen gadon Inna.

Garin a cikin kwamfuta yake. Wasa ne na intanet da mutane ke shiga daga ko'ina, kowa da ɗan mutum-mutuminsa, su gina gida, su dasa lambu, su buɗe shago, su yi ta hira. Kamfanin da ke da wasan yana ɗaukar masu gadi saboda 'yan neman fitina. Wani zai toshe wa maƙwabcinsa ƙofa da duwatsu, wani ya bi mace da zagi lungu-lungu, wani ya cinna wa gona wuta don kawai ya ga hayaƙi.

Da can a shagon magani Yaya take aiki. Da ɓarin jikin Inna ya shanye, muka zauna mu 'ya'yanta, kowa ya baje uzurinsa: mai miji, mai goyo, mai aiki a nesa. Ita kaɗai ce ba ta da abin faɗa, don aurenta ya daɗe da mutuwa. Aka ce ta riƙe na ɗan lokaci. Kun dai san irin wannan ɗan lokacin. Ta bar shagon, ta nemi aikin da zai shiga ɗaki ɗaya tare da ita, ta samu wannan.

Ɗakin taga ɗaya gare shi, ita ma bangon maƙwabta take kallo. Fanka tana kuka, ko'ina warin man zafi. Inna ba ta iya magana sosai, sai dai ta buga cokali a ƙarfen gado idan tana so a juya ta. Ko shagon bakin layi Yaya ba ta zuwa sai da gudu.

Kamfanin yana da wata ƙa'ida da yake taƙama da ita. Ba a korar mai laifi kai tsaye. Ɗauke shi ake yi a jefa shi wani farin ɗaki, ba ƙofa ba taga, sai benci, wai shi ɗakin hucewa. Kuma lokacin hukuncinsa ba ya tafiya sai mai gadi yana zaune tare da shi, don kada a hukunta mutum ba a ji ta bakinsa ba. A cikin gari kuwa ba a ganin masu gadi, kuma an hana su hira da kowa, kada a ce sun yi son kai. Wato a duk faɗin garin nan, wuri ɗaya tak Yaya take da izinin buɗe baki, shi ne kurkuku. Wanda ya tsara wannan, ni dai na ce bai taɓa wuni shi kaɗai ba.

A nan ta haɗu da Bunsuru. Haka 'yan garin suke kiransa, saboda kan akuya ya sa wa mutum-mutuminsa, kuma ba shi da aiki sai shiga lambun mutane. Zamansu na farko zagi ya yi ta yi har lokaci ya cika. Na biyu ya yi gum. A na uku ya ji ƙarar cokali ta makirufo, ya tambaya ko a maƙera take gadi. Dariya ta suɓuce mata, ta gaya masa gaskiya, abin da bai kamata ta yi ba.

Shi ma ya faɗi nasa. A wata 'yar rumfar ƙarfe yake wuni a bakin wurin ajiye motoci, yana ɗaga sanda yana saukewa, masu motar ko gilashi ba sa saukewa su amsa gaisuwa. Ba ta san sunansa ba, ba ta san fuskarsa ba. Amma yana tambayar jikin Inna, yana kwaikwayon muryar maigidansa har sai ta toshe baki kada ta tashi mai barci.

Daga nan ɓarnar tasa ta zama ta lissafi. Sai ya daidaici lokacin aikinta, ya je ya tuge kabeji ɗaya a gonar wani, ya tsaya yana jira a kama shi. Ita kuma ta yi masa faɗa sama-sama, sannan a shiga hira. Na lura ta fara sa 'yan kunne kafin ta zauna gaban kwamfuta, alhali ba mai ganinta. Idan na leƙo nakan ce, fursunan naki bai yi laifi ba yau? Sai ta jefe ni da matashi. Na ji daɗi, na kuma ji tausayi, don na san abin ba shi da inda za shi.

Masu kabeji suka gaji, suka kai ƙara. Manajan masu gadi ya kira Yaya, ya ce mata ɗakin hucewa ba ɗakin baƙi ba ne. Daga yanzu ƙananan laifuka na'ura ce za ta riƙa gargaɗi a kai, babba ne kaɗai zai kai mutum ɗakin. Idan kuma Bunsuru ya sake shigowa, ko ta kore shi har abada, ko a ba wani kujerarta. Ba ta da halin rasa aikin. Ba ta kuma da halin ba shi lambar wayarta, don duk abin da aka faɗa a ɗakin ana naɗa, kuma yin hakan kora ce nan take.

Da Bunsuru ya ga na'ura kaɗai ke yi masa gargaɗi, sai ya daina ɓarnar. Garin ya yi lafiya, Yaya kuwa ta yi laushi kamar ganyen da aka manta a rana. Tana ganinsa yana yawo a kasuwar garin, ya tsaya ya waiga hagu da dama, shi ba ya ganinta, ita ba ta da bakin kiransa. Wani lokaci takan bi bayansa har ya fita daga wasan.

Ranar da ya kasa daurewa ina nan, na kawo wa Inna magani da hantsi. Tunda ƙaramin laifi ba ya kai shi wurinta, sai ya nemi babba. Ya zaɓi lambu mafi girma ya cinna masa wuta. Ashe wata dattijuwa ce ta dasa shi, fure bayan fure, don tunawa da ɗanta da ya rasu, wanda shi ya koya mata wasan. Garin ya taru kan toka. Yaya ta ɗauke shi zuwa farin ɗakin, manaja ya shigo ya tsaya yana saurare.

Suka zauna a benci, shi da kan akuyarsa, ita da rigar gadi.

"Wallahi ban san na ɗanta ba ne," in ji shi.

"Na sani."

"Ya jikin Inna?"

"Da sauƙi."

Sai ta faɗa masa kalmomin da kamfani ya tanada, cewa ya cutar da jama'a, an rufe masa garin har abada. Ta danna maɓallin kora. Ya ɓace daga bencin, ita ma ɗakin ya tofo ta waje, don ba ya zama a buɗe idan babu mai laifi. Manaja ya ce ta yi aiki mai kyau.

Ta cire abin sauraron da ke kunnenta ta ajiye. Ta tashi ta juya Inna, ta gyara mata zani, ta share mata gefen baki. Ni kuma na ɗauki jakata na ce zan wuce. Har na kama labule ta yi magana, ba tare da ta juyo ba.

"Ƙanwata, ɗan zauna mana. Ke ba sai kin ƙone wa kowa lambu ba."

Na ajiye jakar na zauna a bakin gado. Ba a jima ba mijina ya fara danna hon a waje.