Zanen Kunnen Na-masaƙa

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana gyaran injin saƙa, shi ya sa har yau ba a kiransa da komai sai Na-masaƙa. Inji ɗari da ashirin ne a jere a ɗakin da ya yi aiki, kowanne yana bugawa kamar ana dakan ƙarfe. Ko audugar toshe kunne ba a taɓa ba ma'aikatan ba, a masaƙar da auduga ke yawo a iska tana shiga hanci. Ranar da ya ajiye aiki aka ba shi agogon bango mai ƙararrawa. Mutumin da kuka cinye wa kunne, ku rasa abin ba shi sai ƙararrawa. Ya karɓa, har da godiya.

Ba kurma ba ne. Yana jin ƙugin mota, yana jin an buga ƙofa. Magana ce ke zuwar masa a dagule: murya ta iso, kalmomin su tsaya a hanya. Ta mata da ta yara ta fi ɓace masa. Tun rasuwar matarsa yake zaune a ɗakin bakin ƙofa, a gidan babban ɗansa. Da fari in ya ce "Na'am?" sai a maimaita. Daga baya aka koma cewa "Ba komai, Baba." A yi dariya a tsakar gida, ya leƙo yana murmushi, ba mai gaya masa abin da aka yi wa dariyar. Abinci kam ba ya yankewa, wanki ma haka. Su a ganinsu sun gama sauke nauyi.

Autarsa ma'aikaciyar jinya ce a wani gari mai nisa, wuni guda a mota. Duk mako takan turo masa saƙon murya a wayar hannu. Shi da kansa ya hana a gaya mata halin da kunnensa ke ciki, wai kada hankalinta ya tashi. Sai ya miƙa wa ɗansa wayar, ɗan ya kara a kunne yana ɗaure igiyar takalmi.

"Tana gaishe ka. Ta ce lafiya lau."

Na-masaƙa ya nuna lambar da ke jikin saƙon. "Minti huɗu duk gaisuwa ce?"

"Ka san Auta da surutu, Baba."

Surukarsa, matar ɗan, ita ta kai shi gwajin kunne. Aka ce za a kira shi in na'urar sawa a kunne ta samu, har yau ana kira. Abin da ya dawo da shi takarda ce mai zanen yadda kunnensa ke ji: layi ya taso daga hagu a sama, ya gangaro dama kamar bakin kwari.

Yana da kayan sauti tun na ƙuruciya, amfilifaya mai ƙara ƙarfin murya da sifika biyu masu akwatin katako, kullum da safe sai ya goge su. Ya gwada haɗa wayar da su ya ƙure murya, dagulewar ce kawai ta ƙara ƙarfi. Mai gyaran rediyo na bakin titi ne ya zaro masa wani tsohon akwati siriri daga ƙarƙashin tebur, ya ce sunansa ikwalaiza. Maɓallai goma ne a jere, ana tura su sama ko ƙasa. Ya yi masa bayani da ƙarfi, da hannu: na hagu na sauti mai kauri ne, na dama na siriri.

Na-masaƙa ya bari sai da ɗansa ya fita aiki. Ya shimfiɗa tawul a kan tebur, ya jera igiyoyin kamar yadda yake jera sifana a da. Igiyar wayar hannu ta shiga ramukan shiga na ikwalaiza, ja a ja, fari a fari. Wata igiyar ta fito daga ramukan fita ta tafi bayan amfilifaya. Ya rage murya ƙasa kafin ya kunna, don bai taɓa tayar da inji da garaje ba. Sannan ya jingina takardar asibiti a bango.

Duk rayuwarsa in an ba shi zane, binsa yake sak, ba ƙari ba ragi. Wanda ya kauce wa zane a masaƙa, yadi dubu zai ɓata kafin a farga. Saboda haka ya sa ma'auni ya jera maɓallan daidai da layin: na hagu a sama, na dama suna gangarowa har na ƙarshe ya taɓa ƙasa. Ya ja baya ya duba. Aiki ya yi kyau.

Ya kunna saƙon Auta. Abin da ya fito ya fi na da muni, gurnani kawai. Ya zare igiyoyin ya mayar, ya goge bakinsu, ya sake awo. Kwana uku yana wannan. A rana ta uku ya zauna bakin gado ya zuba hannuwa a cinya. In haɗi daidai ne, zane daidai ne, to kunnen ne ya ƙarasa mutuwa.

Surukar ta shigo ɗaukar kwano, abin yana ta gurnani. Ta tsaya a gabansa inda zai ga bakinta, ita kaɗai ke yi masa haka.

"Baba, wa ka jefa cikin randa?"

"Ke ma ba kya ji?"

"Ni da kunnena garau, ban tsinci ko kalma ɗaya ba."

Ya nuna mata takardar, ya nuna maɓallan, har da ɗan alfahari. Ta dubi wannan ta dubi wancan, ta toshe baki kada dariya ta fito.

"Wannan ai hoton ramin da ke kunnenka ne. An nuna maka rami, ka zo ka haƙa wani a kansa. Cikewa ake yi, Baba."

Ya daɗe yana kallon takardar. Sai ya juya ta, kai ya koma ƙasa, ya ɗaga ta a hasken taga ta baya. Ya sauke maɓallan hagu, ya tura na dama sama ɗaya bayan ɗaya.

Muryar ta fito siririya, tana ƙara kamar gwangwani. Surukar ta yamutsa fuska. Shi kuwa ya matso da kujera har gwiwarsa ta taɓa sifika. Kalmomi ne, ɗaya bayan ɗaya, da muryar 'yarsa. Surukar ta ɗauki kwano ta ja masa ƙofa.

Ya koma saƙonnin baya. Na wata biyu da suka wuce ya fara da gaisuwa, iyakar inda ɗansa ke kaiwa kenan. Bayan gaisuwar Auta ta ce an ba ta zaɓi: ko ta dawo asibitin kusa da gida, ko ta tafi wani da ya fi nisa na shekara uku. "In ka ce in dawo, Baba, dawowa zan yi. Kai nake jira." Na gaba ta sake tambaya. Na bayansa ta ce tunda lafiya lau kawai ake aiko mata, ta gane ba a matse da ita ba, ta sa hannu a takardar tafiya.

Ya saurari na ƙarshen sau biyu. Bai kira kowa ba. Ya zare wayar daga igiya, ya danna wurin ɗaukar murya, ya riƙe ta da hannu biyu.

"Auta, ni ne. Yau na ji ki." Yana magana da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin kansa, har tsakar gida ana ji. "Akwai abin da na hana a gaya miki. Ki zauna tukuna, maganar da ɗan tsawo."