Ranar da Na Yi wa Zakin Baba Walter Wanka

Ban taɓa mantawa da ranar Talatar da tsabta ta kusa raba ni da aikina ba. A lokacin wata uku ke nan da kamfaninmu na kula da tsofaffi ya tura ni wani wuri da ake kira Pleasant Garden, gidan wani dattijo Bature mai suna Walter. Aikina in ba shi magani, in dafa abinci, in gyara ɗaki. Dokar kamfani kuwa, wadda ku ma sababbin ma'aikata aka karanta muku, ita ce duk abin da ba ya cikin takardar aiki a tambaya tukuna.

Baba Walter yana tara tsofaffin kuɗin azurfa na ƙasar Holan. Ran nan ya bar su cikin faranti ya tafi barcin rana. Na duba, duk sun yi baƙi ƙirin. Na ce a raina, gidan da ba mace ke nan. Na ɗauki guda mai hoton wata dabba, na samo lemun tsami da man goge baki, na dirje shi yadda Mamana ke dirje awarwaro a Kafanchan, har yana ɗaukar ido.

Da ya farka na miƙa masa, ina jiran yabo. "Baba, ga karenka, na yi masa wanka."

Ya sa tabarau, ya dubi kuɗin, ya dube ni. "Zaki ne, Saratu. Shekara kusan ɗari huɗu yana tara baƙin nan. Minti nawa kika yi?"

"Biyar, Baba."

Ashe a wurin masu wannan sha'awa baƙin shi ne mutuncin kuɗin, wanda aka goge darajarsa ta zube.

Na shiga mota na kira shugabarmu, Anti Rifkatu. Ta ce, "Saratu, wa ya aike ki? Rubuta rifot yanzu. In ya kai ƙara ofis, ni ma ba zan iya cetonki ba."

Na koma wurin Baba Walter da takardar. Ya karanta, ya ce ba zai kai ƙara ba, amma akwai hukunci: kullum bayan magani zan zauna ya ba ni tarihin kuɗi guda. Shekara biyu ina cin wannan hukunci, da shayi da biskit. Daga baya ya gaya mini ko 'ya'yansa ba wanda ya taɓa zama har ƙarshen labari ɗaya.

To ƙannena, in kun shiga gidan tsoho, ku riƙe hannunku, ku buɗe baki ku yi tambaya. Da yawansu sun daɗe suna jiran mai tambayar.