Sabulun da Cima ba ta ɗanɗana ba

A Karofane in aka ce Cima mai sabulu, ba a ƙara tambayar wace ce. Tun rasuwar mijinta take wannan sana'a. Bayan girbi takan tara karan gero ta ƙona, ta zuba tokar a tsohuwar tukunya mai huji a gindi, ta riƙa zuba ruwa yana ɗiga. Ruwan tokar nan take dafawa har ya yi kauri, sannan ta zuba man shanun da Dije Bafilatana ke kawo mata, ta yi ta tuƙi har kafaɗa ta gaji. Kafin ta sauke, sai ta ɗan taɓa a bakin harshe. In ya cije ta, ta ƙara mai. Duk macen da sabulun kanti na garin Madawa ya fi ƙarfinta, da na Cima take wanka da wanki.

Mace ce da ba ta zubar da komai. Ruwan ɗaurayar tufafi shi ke wanke tukwane, daga nan ya tafi gindin kabewa. Zanen da ya mutu kuwa tsumma yake komawa.

A tsakiyar shekarun alif ɗari tara da sittin aka yi wata damina mai gardama. Shanu suka rame, man da Dije ke kawowa ya ragu, ga rijiya ta yi nisa. Ɗiyar Cima, Jaratu, na dab da dawowa gida daga Tabotaki don haihuwar fari, mijinta Muntari kuwa yana can ci-rani. Cima ta yayyaga tsofaffin zannuwanta ta tanadi tsummokin jariri, ta ɗora tukunyar sabulu da rabin man da ta saba zubawa. Watan azumi ne, bakinta a rufe. Ta ce in an sha ruwa za ta ɗanɗana. Kafin faɗuwar rana aka kawo Jaratu a kan jaki, gida ya cika da masu barka da zuwa, sabulu ya sandare, aka cuccura shi.

Bayan salla Jaratu ta haifi namiji, aka sa masa Bilal. Akwai sauran curi ɗaya na bara, da shi Cima ke yi masa wanka. Tsummokinsa kuwa da sabon take wankewa, ta ɗauraye sau ɗaya don ruwa ya kai ga wankan jego.

Ba a jima da suna ba cinyoyin yaron suka yi ja, suka fara saɓulewa. Kuka yake har muryarsa ta dushe. Jaratu kuwa, da yake ɗan fari ne, kunya ba ta barin ta ko kallonsa gaban mutane. Sai ta juya fuska bango tana ba shi nono, hawaye na zuba.

"Haba angona," in ji Cima tana jijjiga shi, "wane irin miji ne kai, ba cefane sai kuka?"

Da labari ya kai Tabotaki, Furera, yayar Muntari, ta iso da hantsi. Ta buɗe yaron ta duba, ta rufe.

"Iya, wanga ba ciwon fata ba ne. Nono ne bai da kyau."

"Nonon ɗiyata lafiya lau yake."

"Ke kika sha?" Matan da ke zaune suka yi ƴar dariya. "A kawo ludayi a tatsa, a jefa cinnaka ciki a gwada. In cinnaka ya fita da ƙafarshi, in ba ki haƙuri. In ya mutu ciki, akwai akuya gidanmu."

Cima ta san wannan gwaji, ta kuma san inda yake kai yaro. Bara aka yi wa ɗiyar maƙwabcinta. Cinnaka ya nutse, aka cire jaririya daga nono aka sa ta a na akuya, ba ta ga damina ba.

Aka tatsi nonon a ludayi, Jaratu ta rufe kai da zane. Furera ta duƙa gindin danga tana neman cinnaka. Cima na riƙe da Bilal, sai ta sake buɗe shi a hasken rana ta duba a tsanake. Fuska sumul, ciki da baya sumul. Ciwon ya tsaya daidai inda tsumma ke tsayawa. Ta dubi hannuwanta, duk sun tsattsage, ita kuwa tun tuni sanyi take ɗora wa laifi.

Ta miƙa yaron ga wata tsohuwa, ta zagaya bayan ɗaki, ta ɗauki curin sabon sabulu ta taɓa a harshe. Kamar ta lashi garwashi.

Ta daɗe tsaye a wurin. Tana iya canza sabulu a ɓoye, ba wanda zai sani. Rabin matan da ke tsakar gidan masu saye ne a hannunta, wasunsu ma daga wannan tukunyar suka saya. Amma cinnaka ba zai jira ciwo ya warke ba. Ta jiyo Furera na cewa ta samu cinnakan.

Cima ta fito da curin a hannu, ta ɗauke ludayin ta ajiye a gefe.

"Furera, taɓa wanga a harshenki."

"Ni? Sabulu zan ci don na zo gidan surukai?"

"Taɓa dai."

Ta taɓa, ta tofar, ta goge baki da gefen zane.

"Mai na rage," in ji Cima, "kuma ban ɗanɗana ba, ina azumi. Da shi nike wanke tsummanshi. Ku dubi inda ciwon ya tsaya."

Wata mata ta dubi nata hannuwan, ta ce, "Ashe shi ya sa."

Furera ba ta sauko duka ba. Ta ce za ta jira har kasuwa ta zagayo, in yaro bai samu sauƙi ba, gwaji na nan. Ranar Cima ta ciro zanenta na salla ta yayyaga, ta dafa tsummokin a ruwa zalla, ta shafe cinyoyin Bilal da ɗan man shanun da ya rage, wanda da shi za ta ɗora wata tukunya. Kafin ranar kasuwa ciwon ya fara bushewa, aka bar yaro da nonon uwarsa.

Maganar ta zagaye gari. Wasu suka maido mata da curinsu, wasu suka koma saye wurin wata mata a Buza, kuma da yawa ba su dawo ba ko da shanu suka murmure. Cima ta koma haɗawa da surfe a gidajen mutane. Ta ci gaba da dafa sabulu kaɗan-kaɗan, amma ba ta sake ɗora tukunya a watan azumi ba. Bilal ya tashi da tabo a cinyar hagu. Duk zuwan da aka yi da shi Karofane, kafin ta ba shi fura sai ta ɗaga rigarsa ta duba wurin.